Ɗalibaina na samun 6 maimakon 9.8, in sayi sabon agogo?

Tambaya: Ina koyar da fiziks a wata sakandare a Zariya. Duk lokacin da ɗalibai suka saki ƙwallo daga tsayin mita ɗaya don auna ƙarfin janyowar ƙasa, sai lissafi ya ba su 6 ko 7 maimakon 9.8. An ba ni 'yan kuɗin kayan gwaji. In sayi agogon awon lokaci mai tsada?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da aka saki daga mita ɗaya yana isa ƙasa cikin sakan 0.45 kacal, alhali tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akan ɓata kusan sakan 0.2. Ga shi a lissafin, lokaci ake ninkawa da kansa, don haka ƙaramin kuskure sai ya kumbura. Yaro ya rubuta 0.55 a madadin 0.45, amsarsa ta faɗo 6.6. Komai tsadar agogon da ka saya, wannan yatsan ne dai zai danna shi.

Da ni ne, zare mai ƙwari zan saya, da 'yar dunƙulen ƙarfe ta lilo, da rula mai mita ɗaya, a auna ƙarfin janyowar ƙasar da lilo maimakon sakin ƙwallo. Lilo mai tsawon mita ɗaya yana zuwa ya dawo cikin kimanin sakan 2. A ƙirga zuwa da dawowa 20, wato sakan 40, a raba da 20. Makarar yatsan nan ta koma rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Dama irin wannan gwajin yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Amma ka tsaya a kansu. Na sha ganin yaro ya saki lilo yana cewa "ɗaya" tun bai je ko'ina ba, sai ya ƙare da 19 yana zaton 20 ne. Da sifili ake farawa. Tsawon zaren kuma har tsakiyar dunƙulen ake aunawa, kada a tsaya a ƙugiya. Kada a ja shi gefe fiye da digiri 10, a kuma kashe fanka. In suka samu 9.7 ko 9.9, ka yaba musu, ka hana su gyara lamba don ta dace da littafi. Wannan ɗabi'ar ta fi kuskuren damuna. Mu nan kusa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu, ainihin adadin ma wajen 9.78 yake.

Tambaya: Ni 'yar aji biyar ce, ina so in gwada a gida. Wace ƙwallo zan saya, kuma tef ɗin ɗinkin mamata zai yi?

Amsa: 'Yata, guji ƙwallon tebur da na roba marar nauyi, iska na riƙe su. Ki nemi ƙwayar boris wajen bakanike. Tef ɗin tela yana miƙewa in ya tsufa, ki ari na ƙarfe irin na kafinta, ki auna daga ƙasan ƙwayar zuwa daɓe. Sannan ki jingine waya wuri ɗaya ki ɗauki bidiyo. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a sakan, faɗuwar mita 2 kuma sakan 0.64 ce, sai ki ƙirga wajen hoto 19. Ki maimaita sau biyar, ki rubuta duka, har wanda bai yi miki daɗi ba.