Ƙuraje da zazzaɓi bayan fara maganin HIV

'Yar'uwa, kin ce ƙaninki ya yi mako uku da fara TLD (maganin HIV) tare da Septrin (maganin kare shi daga wasu cututtuka), ƙuraje sun feso masa, ga zazzaɓi, leɓɓansa sun tsage. Kar ki jira ranar da aka rubuta masa a kati. Ki kai shi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi yau, da kwalaben magungunan duka a jaka, har da na gargajiya in yana sha.

Ƙurajen da suka taɓa baki ko ido, ko fata ta fara saɓulewa kamar ƙuna, na iya zama alamar Stevens-Johnson, wata mummunar cutar fata da magani ke jawowa, tana kisa. Galibi Septrin ke jawo ta, shi ya sa kar ya ƙara haɗiyar ko ƙwaya ɗaya ta Septrin kafin likita ya gan shi. TLD kuwa likita ne zai yanke hukunci a kai, don tsayar da shi haka kawai na iya tayar da ciwon hanta ga mai hepatitis B.

Ki roƙi a auna jini, hanta da ƙoda, tunda tenofovir da ke cikin TLD na taɓa ƙoda. Kar a shafa masa man kaɗe a gyambon.