Filin Tambaya: "Malam, tabar ce ta lalace ko bakina ne?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Zango, nan Damagaram. Shekara 24 ke nan ina shan sigar. Ba sigarin kwali nake nufi ba, zungureriyar nan da ake naɗewa da hannu, ganye zalla. A Kwatano na koya lokacin da nake fiton motoci. Guda ɗaya nake kunnawa daren Alhamis in an tashi kasuwar Dole, shi ke nan sai wani mako. Bara ɗana da ke Faransa ya aiko mini akwati mai guda 25 na Kuba. Da ya faɗa mini kuɗin sai da na yi salati, don zai sayi ragon layya har da canji. A ciki, bakwai ba sa jan hayaƙi, kamar mutum na tsotsar sanda, wasu kuma bayansu ya tsattsage. Ga shi masu ba da maki sun ba irinta 93 cikin 100. Tsofaffin masu sharhin da nake bi a intanet, wasu sun yi shiru, wasu sai ƙorafi. Shin tabar ce ta lalace, ko bakina ne ya tsufa? Daga wani Alhaji, Zango.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ka kawo ƙara wurin tsohon ɗan hannu, don ni ma na sha, shekara shida ke nan da na ajiye. Zan raba maka laifin, amma ba rabon daidai ba.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ya fi yi maka ciwo. Duk sigar naɗin hannu ta Kuba da ke fita waje ta hannun kamfani ɗaya take bi, Habanos, rabinsa na gwamnatin Kuba, rabi na 'yan kasuwar waje. A 2020 kamfanin Imperial Brands na Ingila ya sayar da nasa rabin ga masu jari daga Asiya. A 2022 aka sanar cewa Cohiba da Trinidad, biyu daga manyan sunayen sigar Kuba, za a riƙa sayar da su ko'ina a duniya bisa farashin Hong Kong, inda taba ta fi tsada. Dare ɗaya wasu suka ninka biyu, wasu uku, sauran sunayen ma aka ɗaga su. Ganyen bai canza ba, mai naɗin bai canza ba, mai sayen da ake hari ne ya canza. Ƙasar Sin ce yanzu babbar kasuwarsu, kuma da yawan akwatunan nan ba shan su ake yi ba: kyauta ake kaiwa manya, ko a ɓoye a jira farashi ya hau, yadda 'yan kasuwarmu ke kulle wake a sito sai bazara. Kamar haka bai isa ba, a watan Satumba na 2022 guguwar Ian ta afka wa Pinar del Río, lardin da ake noma ganyen da ya fi kowane, ta kwantar da dubban rumfunan shanya taba. Kaya ya yi ƙaranci, mai saye na layi, wa zai tsaya lallashin Alhaji na Zango?

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A farkon shekarun 1990 Amurka na shigo da sigar naɗin hannu wajen miliyan 100 a shekara. Zuwa 1997 abin ya haura miliyan 400. To ganyen sigar ba alayyafo ba ne. A yanke, a shanya, a tara shi tsibi ya yi zufa ya fitar da kaifinsa, a ajiye shi shekaru kafin ya kai hannun mai naɗi. Da kasuwa ta buɗe sai aka riƙa naɗe ɗanye, aka ɗauki sababbin hannu ana koya musu a gurguje. Tsofaffin mashaya har yau suna tsokacin akwatunan Kuba na wajen 1999 zuwa 2001 saboda toshewa. Sauri ya haifi nawa.

Bakwai ɗin nan naka da suka ƙi ja, laifin mai naɗi ne da wanda ya kamata ya duba aikinsa. Ɗauki ɗaya, sa reza ka tsaga ta a tsaye a kan faranti. In ta ƙwarai ce za ka ga ganyaye dogaye an nannaɗe su daga kai har gindi, da 'yan hanyoyin iska a tsakani. A wadda ta toshe za ka tarar da wuri guda, galibi kusa da zoben takardar, inda ganyen ya murɗe ya dunƙule kamar igiyar guga, ko wata jijiya mai kauri ta gitta. Na taɓa tsaga wata haka a tsakar gida, uwargida na kallo, ta ce, "Yanzu wannan karan ne jika goma sha biyar?" Ban sami amsa ba.

Sai maganar maki. Mujallar Cigar Aficionado ta Amurka, wadda ta fara fita a 1992, ita ta yaɗa awon nan na maki 100, kuma a yi mata adalci, masu ɗanɗanonta ana cire musu zoben suna kafin su kunna. Amma duba jerin makin ko'ina: kusan komai tsakanin 88 da 94 yake yawo. Makarantar da kowane ɗalibi ke cin tara bisa goma, sakamakonta bai gaya maka kome ba. Masu sharhi na intanet kuwa, da yawansu kyauta ake aiko musu da tabar, kuma masu tabar ne ke biyan tallar da ke shafinsu. Bakin da ya ci shi ke godiya. Masu gaskiyar cikinsu abin da ya gajiyar da su ke nan, ga kuma "fitowa ta musamman" da ake sakowa kusan kowane wata: sabon akwati mai ƙyalli, sabon zobe, labarin kakan wani da ya gudo daga Kuba da iri a aljihu, a ciki kuwa haɗin bara ne. Ƙananan kamfanonin iyali da mutane suka so ma ana ta haɗiye su. A 2023 Scandinavian Tobacco Group ya sayi Alec Bradley kan dalar Amurka miliyan 72.5. Wanda ya shekara ashirin yana rubutu don son ganye, ya farka ya ga ashe talla yake yi ba albashi, dole alƙalaminsa ya yi sanyi.

Amma tsagewar bayan nan, Alhaji, kada ka ɗora wa Kuba. Namu ne. Sigar na son laimar iska wajen 65 zuwa 70 cikin ɗari, hunturun Damagaram kuwa yakan sauko ƙasa da 20. Abin da ke fasa mana leɓe da diddige shi ke fasa ganyen. In bazara ta kama, zafi ya ƙaru, sai ƙwan ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe, ka ga 'yan huji kamar na wake. Akwatin katako da ke saman kabad ba zai iya da garin nan ba. Sai mazubi mai rufewa ruf, da 'yar jakar riƙe laima a ciki, a ɗakin da ya fi sanyi.

Bakinka ma ya tsufa, kamar nawa. Kuma wadda ka sha a Kwatano kana da shekara talatin da 'yan kai, iskar teku na kaɗawa, ka fitar da mota lafiya, babu kamfanin da zai sake naɗa maka ita.

In ka nace sai ka ci gaba, bar bin suna. Na Esteli a Nikaragua da na Jamhuriyar Dominika sun fi tsayawa kan aiki ɗaya, kuɗinsu kuma da sauƙi. Sayi biyu ka gwada kafin ka sa yaro ya ɗauko akwati. Sai dai ni ba zan ɓoye maka ba: babbar sigar guda tana iya ɗaukar taba kamar kwalin sigari cur, kuma ko ba ka haɗiye hayaƙin ba, yana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro. Ni likita ne ya ga wani farin tabo a cikin kumatuna, na yi mako biyu ba barci kafin sakamako ya fito lafiya. Tunda ranka ya riga ya ɓaci da ita, ban ga lokacin rabuwa da ya fi wannan ba. Kuɗin kuma ka ce wa yaron ya aiko ta hanyar da za a sayi ragon.

TAMBAYA: Baba, wani ya kawo mini akwatin Cohiba mai murfin gilas, ya ce jika talatin, wai daga jirgi aka sauke. Ina so in kai wa maigidana. In saya? Daga ɗanka a Sabon Gari.

AMSA: Ɗana, mayar masa. Cohiba ta gaske ba ta zuwa a akwatin murfin gilas, irin wannan masu yawon buɗe ido ake yi wa tarko da shi a titunan Habana, babban birnin Kuba. Jika talatin ko guda ɗaya ta gaske da wuya ta saya maka a yau. In ka tsaga za ka ga ɓarɓashin shara, wani lokacin har da gashi da zare. Kai wa maigidanka ƙwaryar goro da turare.