Dalilin da ya sa ake rufe ruwa kafin ranar su

Ɗana, ka tambaye ni ko hana kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe camfi ne kawai na mutanen da. Ba camfi ba ne. Tunda kana karatun lissafi a jami'a, bari in amsa maka da shi, ta fannin nan da ake nazarin yadda mutum ke yanke shawara idan ribarsa ta rataya a kan abin da wasu za su yi, kamar mai wasan dara.

Ɗauki tafki mai masunta 10. A ce idan kowa ya haƙura har ranar su, za a fito da kifi kilo 1000, kowa ya tashi da 100. Sai ɗaya ya sulale da dare ya kwashi kilo 30. Ƙanana ya kama da masu ƙwai, waɗanda da an bar su da sun zama kilo 80. To asarar nan ta 80 a kan mutum goma za ta rabu. Shi 8 ya rasa, ya ci ribar 22. Matsalar ita ce kowannensu zai iya yin wannan lissafin, kuma a wurinsa daidai ne. In duka goman suka yi, kowa zai samu 30 na dare da 20 na ranar su, kilo 50 ke nan, rabin abin da haƙuri zai ba shi.

Wani masani ɗan Amurka, Garrett Hardin, ya rubuta kan wannan a 1968, ya ce dukiyar da kowa ke da hannu a ciki ƙarshenta lalacewa, sai dai hukuma ta tsare ta ko a mallaka wa mutum ɗaya. Wata masaniya kuma, Elinor Ostrom, ta bi masunta da makiyaya da manoman rani a ƙasashe da dama, ta nuna jama'a kan tsare kayansu da kansu, har ta samu kyautar Nobel a 2009. Ni a ganina Kabawa sun riga su gane haka, tun kafin bikin Argungu ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934.

Ga inda al'adar ke aiki. Ba ta canza zuciyar ɓarawo, lissafinsa take canzawa. Ka ninka kuɗin tarar da za a ci shi da yiwuwar a kama shi, dole abin da ya fito ya wuce ribar 22. In sau ɗaya cikin goma ake kamawa, sai tara ta haura kuɗin kilo 220, wadda ba mai iya biya, kuma ba mai son ɗora wa maƙwabcinsa. In rabi da rabi ne, ta ɗan haura 44 ta isa. Shi ya sa ido ya fi girman hukunci amfani, kuma shi ya sa ya kamata masu tsaron su zama masuntan da ke kwana a bakin ruwan. Sai kunya: wanda aka ƙwace wa koma, badi ma a garin zai yi su, a nan zai nema wa ɗansa aure. Hukuncin ma hawa-hawa ya kamata ya zama, gargaɗi tukuna, sannan tara, sannan ƙwace kaya. In aka fara da mafi tsanani, mutane rufa wa juna asiri za su yi.

Inda abin ke ɓaci kuwa, baƙon da ba zai dawo ba, kunyar badi ba ta kama shi. Haka mai zuba guba irin Gamalin, dare ɗaya yana kashe manya da ƙanana, ba tarar da za ta mayar da su. Taru mai ƙananan idanu ma ɓarna yake ko da a ranar da aka halatta, don haka sai a ƙayyade faɗin idon raga tare da ranar buɗewa, a kuma duba kayan kowa kafin ya shiga ruwa.