Amsa: An buge ni ta baya a Houston, inshorar mai laifin ba ta kai kuɗin asibiti ba

Sannu da jiki ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce kamfanin inshorar wanda ya buge ka da mota ya yi tayin dala 30,000, asibiti kuwa ya haura haka. Dala 30,000 ɗin shi ne mafi ƙarancin inshorar da dokar Texas ta wajabta don raunin mutum ɗaya, mai yiwuwa iyakar inshorarsa ke nan.

Duba takardar inshorarka ko akwai UIM, wato sashen da ke cike giɓi idan ta mai laifi ta gaza. A Texas dole a yi maka tayinsa, sai dai in ka ƙi a rubuce.

Amma kada ka sa hannu kan takardar sulhu kafin kamfaninka ya amince a rubuce, domin suna iya hana ka haƙƙinka in suka nuna sulhun ya jawo musu asara. Kuma kada ka ɗauka don naka ne zai tausaya maka. Za su ce bugun bai yi ƙarfi ba, ko ciwon wuyan daɗaɗɗe ne, musamman in ka yi jinkirin zuwa likita. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Texas a shari'ar Brainard na 2006, suna iya ƙin biya har sai kotu ta tabbatar da laifi da adadin diyya.

Nemi lauya da wuri, wa'adin ƙarar mai laifin shekara 2 ne.