Filin Manoma: Da wace dirka zan kafa rumfar inabi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na dasa inabi a wata 'yar gona a Hunƙuyi, ƙaramar hukumar Kudan. Kafin ya fara yaɗo ina so in kafa masa rumfa. Itace zan sa, ko ƙarfe, ko siminti? Gara ta yi mana yawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tunda ka ambaci gara, ka riga ka faɗi rabin amsar. Inabi yakan haura shekara 20 yana ba da 'ya'ya, ɗanyen itacen turare kuwa da wuya ya yi damina uku a ƙasa. Daidai inda ya haɗu da ƙasa yake ruɓewa: ka ga samansa garau, ka tura da hannu ya karye. Galibi kuma sai rumfa ta yi nauyi da ganye, iskar hadari ta taso, sannan ta kife.

Mu dai siminti muka fi so maka. A zuba dirka mai tsawon mita 2.7, kaurin santimita 10 kowane gefe, da rodi huɗu masu milimita 8 a ciki. Awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na ƙananan tsakuwa. A bar ramukan wayar da inabin zai hau tun wajen zubi, don huda ta daga baya tsaga ta yake yi. A yi ta ba ta ruwa mako biyu, kada a kafa sai ta kai kwana 28. Gaggawa a nan ce take sa dirka ta tsage, ruwa ya kai ga rodi, tsatsa ta ci shi.

Bututun ƙarfe marar tsatsa yana da kyau, sai dai tsada, ga ɓarayi. In itace ne ƙarfinka, nemi busasshiyar azarar giginya, a shafe gindinta da kwalta har taƙi ɗaya sama da ƙasa. Baƙin mai kam a bar shi, yana ɓata ƙasar.

Dirkokin tsakiya a binne su santimita 60. Na baki su ne ke ɗauke da jan waya duka, don haka in kuɗi bai isa ba, a kansu za ka kashe shi. Su fi kauri, a binne santimita 90, a karkata kansu waje, a ɗaure kowace da waya zuwa wani babban dutse da aka binne a bayanta.