Ƙungiyarmu za ta iya samun tallafin gwamnati ta gina wurin shaƙatawa a Amurka?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan Maraɗi ne, ina zaune da iyalina a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa. Bayan gidajen da muke haya akwai wani kangon fili da ciyawa ta cinye, wani ɗan rafi ya ratsa ta gefensa. Yaranmu a wurin ajiye motoci suke buga ƙwallo, iyayensu mata kuwa in suna son taka ƙafa da yamma sai gefen titi. Na ji an ce gwamnatin ƙasar nan tana ba da kuɗi kyauta don gina wuraren shaƙatawa da hanyoyin ƙafa da keke. Muna da ƙungiyar 'yan ƙasarmu mai rajista. Za mu iya nema? Ta ina za mu fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuɗin suna nan, kuma ba kaɗan ba ne. Sai dai yawancinsu ba a miƙa su ga ƙungiya irin taku. Ana ba hukumar birni ko ta gunduma ne, ita za ta nema, ita za ta sa hannu, ita kuma za a kama in aiki ya lalace. Saboda haka aikin da ke gabanku shi ne ku sa birnin ya ɗauki filin nan a matsayin nasa aikin. Bari in nuna maka yadda kuɗin suke tafiya, don ka ga dalilin da ya sa na ce haka.

Babban asusun tarayya na wannan harka shi ne wanda ake kira LWCF, asusun kare ƙasa da ruwa. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa dokarsa hannu a 1964, ta fara aiki a 1965. Yawancin kuɗinsa daga abin da kamfanonin haƙar mai da gas a cikin teku ke biyan gwamnati suke fitowa, ba daga harajin albashinka ba. Hikimar ita ce, tunda ana kwashe arzikin da ba ya dawowa, a mayar da wani kaso nasa zuwa abin da jama'a za su mora har jikoki. Doka ta yanka masa dala miliyan 900 a shekara, amma shekaru da dama majalisa kan saki abin da ta ga dama ne kawai, sau da yawa ƙasa da rabi. Sai a 2019 aka mayar da asusun na dindindin, a watan Agusta na 2020 kuma aka yi dokar da ta wajabta a riƙa zuba masa miliyan 900 ɗin cif kowace shekara. Wani ɓangare na kuɗin yana tafiya ga filayen gwamnatin tarayya, wani ɓangaren kuma ana raba wa jihohi ta hannun hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta ƙasa, su kuma jihohi su raba wa birane da gundumomi ta hanyar gasa. Ta wannan hanya an yi ayyuka sama da 40,000 a faɗin ƙasar, kusan babu gundumar da ba ta taɓa samu ba.

Sharuɗɗansa ne ya kamata ku riƙe da kyau. Na farko, asusun ba ya biyan fiye da rabin kuɗin aiki. In aikin na dala 600,000 ne, sai birni ya nuna inda zai samo 300,000 nasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, ba a ba da kuɗin tun farko. Birni ne zai biya ɗan kwangila daga aljihunsa, ya tara rasit da shaidar aiki, sannan a mayar masa da rabin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ya sa ƙaramar ƙungiya ba za ta iya ɗaukar nauyin ba ko da doka ta yarda. Akwai kuma tarkon da ke kama masu gaggawa: duk abin da aka kashe wajen gini kafin a sa hannu a yarjejeniyar tallafi, a ƙa'ida ba a mayar da shi. Don haka kada zumuɗi ya sa ku tara kuɗi ku kira mai katafila ya share filin, kuna tsammanin za a lissafa muku daga baya.

Sharaɗi na uku shi ne wanda na fi so a duk dokar, shi ne kuma wanda ke sa wasu kansiloli su ja da baya. Duk filin da kuɗin LWCF ya taɓa, ko da ɗan banɗaki aka gina da shi, ya zama wurin shaƙatawar jama'a har abada. Birni ba shi da ikon ya wayi gari ya sayar wa mai gina kantuna, ko ya kafa ofishin 'yan kwana-kwana a kai. In har dole ta sa a canza amfaninsa, sai gwamnatin tarayya ta amince, kuma sai birnin ya kawo wani filin a madadinsa, wanda darajarsa a kasuwa ba ta gaza ta na farkon ba, amfaninsa da wurin da yake kuma su yi daidai da shi gwargwado. Ga unguwa irin taku, wadda mazaunanta 'yan haya ne marasa ƙarfi a siyasar gari, wannan kariya ta fi kuɗin kansu daraja a ganina. Kansila zai zo ya tafi, magajin gari zai canza, amma sharaɗin yana manne da takardar filin.

A ƙarƙashin wannan asusu akwai wani reshe da aka buɗe a 2014, ORLP, wanda aka ware wa unguwannin birane masu ƙaramin ƙarfi da ba su da wurin shaƙatawa kusa. Kuɗinsa sun fi yawa a kan kowane aiki, amma gasar ta ƙasa baki ɗaya ce, kuma sai aiki ya nuna sosai a kan takarda kafin ya kai labari. Ku san da shi, amma ba nan za ku fara ba.

Don hanyar ƙafa da keke akwai wani shiri dabam, RTP, wanda ya samo asali daga dokar sufuri ta 1991, yana kuma hannun hukumar manyan hanyoyi ta tarayya. Kuɗinsa daga harajin man da masu baburan daji da motocin ƙanƙara ke saye ne, wato man da aka biya wa harajin titi alhali ba a titi aka ƙona shi ba. Wajen dala miliyan 84 ake raba wa jihohi a shekara. Doka ta ce kashi 30 cikin 100 na hanyoyin masu inji ne, kashi 30 na masu ƙafa da keke da doki, kashi 40 na hanyoyin da ake amfani da su iri-iri. Wannan shirin ya fi sauƙin kai: tarayya na iya biyan har kashi 80, ko da yake kowace jiha na da nata ƙa'idar kan abin da mai nema zai kawo, kuma a jihohi da yawa ƙungiyoyi masu zaman kansu na iya nema. Abin da zai faranta muku rai shi ne ana lissafa aikin gayya. In mutum talatin suka fito ranar Asabar da shebur da baro, aka rubuta sunayensu da awoyin da suka yi, ana iya ƙiyasta wannan da kuɗi a sa shi cikin kason mai nema, haka ma kayan aikin da wani ya bayar sadaka. Amma tallafinsa ƙanana ne, sun dace da turbar ƙasa ko ta tsakuwa a bakin rafi, ba doguwar hanyar kwalta mai gadoji ba. Irin waccan tana bi ta kuɗin sufuri ne, ta ma'aikatar sufuri ta jiha da hukumar tsara zirga-zirgar yankinku, kuma sai ka nuna hanyar tana kai mutane makaranta ko tashar bas ko wurin aiki.

Yanzu ga wanda na fi ganin ya dace da ku. Jiharku tana da nata asusun, PARTF, wanda majalisar jiha ta kafa a 1994. Yana ba ƙananan hukumomi har dala 500,000 a kan aiki ɗaya, dala a kan dala, wato duk abin da jiha ta sa sai birni ya sa kwatankwacinsa. Sau ɗaya ake karɓar takardun nema a shekara. Dole mai nema ya mallaki filin ko ya riƙe shi da haya ta aƙalla shekara 25, abin da aka gina kuma ya zauna a buɗe ga jama'a na tsawon shekara 25, in kuwa da kuɗin aka sayi filin, ya zama na shaƙatawa har abada. Takardunsa ba su kai na tarayya wahala ba, kuma akwai wani sashe a jami'ar NC State da ke Raleigh wanda aikinsa ke nan, taimaka wa ƙananan hukumomi su shirya neman.

Abin da ya sa na ce kuna da ƙarfi fiye da yadda kuke zato shi ne yadda ake ba da maki. Masu tantancewa suna duba ko aikin yana cikin babban tsarin da birni ya amince da shi, ko an yi taron jama'a a kansa, ko an tambayi mutanen unguwa abin da suke so, ko akwai ƙungiyoyin da suka rubuta suna goyon baya. Ma'aikacin sashen shaƙatawa na birni zai iya zana taswira a ofishinsa, amma ba zai iya ƙirƙiro iyaye hamsin da suka zo taro suka ce ga abin da yaransu ke buƙata ba. Ku ne kuke da wannan. Kuma ba a tambayar katin zama ɗan ƙasa kafin mutum ya yi magana a zaman majalisar birni ko a gaban kwamitin wuraren shaƙatawa. Na san da yawa daga cikin mutanenmu suna ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi hukuma, suna ganin baƙo ba shi da bakin magana. A wannan harka kam yana da shi, kuma abin takaici ne a ce unguwannin da suka fi buƙata su ne ba a jin muryarsu a ranar rabon.

Kafin komai, ku gano mai filin. Gundumarku ta Guilford tana da taswirar filaye a intanet, kowa na iya dubawa ya ga sunan mai kowane fegi da abin da aka ƙiyasta darajarsa. In na birni ne, kun yi rabin tafiya. In na wani mutum ne ko kamfani, to magana ta koma ta saye, kuma kuɗin gwamnati ba sa sayen fili sai ƙwararren mai ƙiyasi ya yanka masa farashi bisa ƙa'ida. In na masu gidajen hayarku ne, za a iya neman su ba birni izinin ratsawa na dindindin a gefen rafin, su riƙe sauran. Rafin nan da ka ambata yana iya zama alheri gare ku. Filin da ambaliya ke taɓawa ba ya jan hankalin masu gina gidaje, don haka ya fi araha, kuma yawancin hanyoyin ƙafa na biranen jihar bakin rafuka suke bi, sau da yawa a kan layin da bututun ruwan ƙazanta ya riga ya ratsa. Sai dai akwai dokokin kare bakin ruwa da ke iyakance abin da za a gina kusa da shi, in kuma kuɗin tarayya suka shigo, sai an duba tasirin aikin ga muhalli da kayan tarihi. Dokar haƙƙin masu naƙasa ta 1990 ita ma tana aiki a nan: faɗin hanya da gangarenta da ƙofar shiga duk sai mai keken guragu ya iya bi.

Game da rabin da birni zai kawo, kada ku yarda a sallame ku da cewa babu kuɗi ba tare da kun tambayi hanyoyin ba. Birane kan samo nasu kason daga bashin da masu zaɓe suka amince a ci don ayyukan shaƙatawa, ko daga kasafin manyan ayyuka na shekara-shekara, ko daga gidauniyoyin gari. Akwai kuma tallafin raya unguwanni na ma'aikatar gidaje ta tarayya, CDBG, wanda aka kafa a 1974 don unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. Yana cikin 'yan kuɗin tarayya ƙalilan da doka ta yarda a sa su a matsayin kason birni a aikin LWCF. Ku tambaya ko unguwarku ta cancanta.

Akwai tambayar da za a yi muku tun zaman farko, gara ku je da amsarta: wa zai kula da wurin? LWCF da PARTF na saye ne da gini, ba sa biyan mai yanke ciyawa, ko mai kwashe shara, ko kuɗin wutar fitilu. Wannan nauyi ne da zai hau kasafin birni kowace shekara, kuma shi ne ainihin abin da ke sa jami'ai su yi sanyi da sabon wurin shaƙatawa ko da an yi musu tayin rabin kuɗin gini. In ƙungiyarku ta zo da rubutacciyar yarjejeniya cewa za ta riƙa fitowa shara sau ɗaya a wata, ta kuma kai rahoton abin da ya lalace, kun rage musu fargaba. Ku kuma nemi abin da bai da tsadar kulawa: fili mai ciyawa da raga biyu, turba, kujeru, inuwa. Wurin ninkaya ko ɗakin taro zai kashe maganar tun ba a fara ba, balle ma LWCF na abubuwan sarari ne, ba ya gina zauren taro.

Wani abu kuma da ya shafe ku kai tsaye tunda haya kuke yi. A Shikago, da aka buɗe hanyar ƙafa da keke ta 606 a 2015 a kan tsohon layin dogo, farashin gidaje a ɓangarenta na yamma ya yi tashin da ya kori wasu daga cikin talakawan da aka ce don su aka yi ta, har a 2020 majalisar birnin ta dakatar da rushe tsofaffin gidaje a kewayen na wani lokaci. Ƙaramin filin unguwa ba zai yi irin wannan tasiri ba, amma in kuka ga turbarku za ta haɗu da babbar hanyar da ta ratsa gari, ku tayar da maganar kuɗin haya a teburi ɗaya da maganar filin, tun ana zane.

Daga ranar da birni ya karɓi maganar zuwa ranar da yara za su buga ƙwallo a wurin, ku sa ran shekara uku zuwa biyar: a sa aikin cikin tsari, a yi zane da ƙiyasi, a jira zagayen nema, a sa hannu, a ba da kwangila. Don haka a wannan watan ku duba mai filin, ku ɗauki hotunan yaran a wurin ajiye motocin, ku tara sunaye da sa hannun maƙwabta har da waɗanda ba 'yan ƙasarku ba, sannan mutum uku ko huɗu, a ciki har da mace, su nemi ganin kansilan mazaɓarku da jami'in tsare-tsare na sashen shaƙatawa. Ku roƙe su su zo su taka filin tare da ku da yamma, lokacin da yaran ke waje. Allah ya ba da sa'a.