Tambayi Baba: A Ina Ake Karɓar Tallafin Kuɗin Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Maigidana ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar ni da yara huɗu. Ƙosai nake toyawa da safe, da shi muke ci. Ɗakinmu biyu, ƙwan fitila uku, fanka ɗaya da ƙaramar talabijin. Ba firji, ko dutsen guga na gawayi ne. Ba mu da mita. Watan jiya aka kawo mini bil na naira 18,000, ban da bashin da suka ce ya taru tun yana raye. Sau biyu masu tsani suna zuwa, sai na ba su na goro suke tafiya. Maƙwabciyata ta turo mini saƙo a WhatsApp wai gwamnati na raba tallafin kuɗin wuta ga masu ƙaramin ƙarfi, a tura naira 2,000 kuɗin fom. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, ina irinmu za su nufa?
*Uwar marayu*

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari.

Riƙe dubu biyunki, ki ƙara a kuɗin wake. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu wani tallafin gwamnati da ake sayen fom ɗinsa ta waya, kuma duk wanda ya nemi lambar BVN ɗinki ko lambar sirrin katinki da sunan zai taimake ki, asusunki yake hari.

Na yi shekaru ina bin gidaje da littafi ina karanta mita tun zamanin NEPA, ban bar aikin ba sai da aka sayar da kamfanonin a 2013, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake. A Najeriya tallafin wuta ba ya zuwa hannun mutum. A cikin farashi yake. An raba layukan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki, wato NERC, ta janye wa rukunin A tallafi, yunit ɗaya ya tashi daga wajen naira 68 zuwa 225, kafin daga baya a ɗan sauko da shi. Sauran rukunan aka bar su a tsohon farashi, gwamnati ta ɗauki cikon. To idan unguwarku ba a rukunin A take ba, kina cikin masu cin tallafin tun tuni, sai dai ba kya ganinsa, domin bil ɗin ƙiyasi ya haɗiye shi. Duba takardarki, akan rubuta rukunin a jiki.

Akwai kuma wani asusu da doka ta tanada tun 2005 don tallafa wa marasa ƙarfi da kuɗin wuta, dokar lantarki ta 2023 ma ta sake ambatonsa. A takarda yana da kyau ƙwarai. Amma bai zama wani ofishi da za ki je ki yi layi ki karɓo abu ba, saboda haka kada ki ɓata kuɗin mota nemansa.

Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne wani farashi da yawancin mutane ba su ma san da shi ba. A tsarin NERC, gidan da ba ya shan fiye da yunit 50 a wata yana da ajinsa daban, ana kiransa R1, kuma naira 4 ne yunit. Hamsin sau huɗu, naira 200 ke nan, ban da harajin VAT. Bari mu lissafa gidanki tare. Ƙwai uku irin na LED masu wat 10, awa shida kullum, ba su kai yunit 6 a wata ba. Fanka mai wat 70, awa takwas kullum, wajen yunit 17. Ƙaramar talabijin awa huɗu, a ce yunit 7. Duka wajen 30, kuma wannan idan ana kawo wutar kullum ne, abin da ni da ke muka san ba haka yake ba. Ko a farashin rukunin A aka yi miki lissafi, yunit 30 bai kai naira 7,000 ba. Daga ina 18,000 ta fito? Daga ƙiyasi: an duba abin da taransifomarku ta sha, an cire na masu mita, an watsa ragowar a kan marasa mita, mai ƙosai da mai injin markaɗe kusan kai ɗaya.

Ba zan ruɗe ki ba, kamfanoni ba sa ɗokin saka mutum a R1, domin ba riba a ciki. Kuma muddin ba ki da mita, ba ki da abin nunawa cewa ba ki wuce hamsin ba. Shi ya sa duk maganar ta dawo kan mita.

Hanya biyu ce. Akwai ta saye, inda mutum ke biya ta hannun kamfanonin da aka amince wa, kuma a ƙa'ida ana mayar masa da kuɗinsa sannu a hankali ta hanyar yunit. Sai dai mita mai layi ɗaya, irin ta ƙananan gidaje, ta haura naira 100,000, ba kuma zan ce wa mai riƙon marayu ta nemo wannan ba. Ɗayar ita ce ta kyauta. An yi rabon farko a ƙarshen 2020, an kuma ci gaba da kawo wasu kashi-kashi, har da waɗanda bashin Bankin Duniya ya saya. Waɗannan ba a biyan ko kwabo, har kuɗin ɗaurawa. Ki je ofishin kamfanin da ke yankinku da tsohon bil ɗinki, ki rubuta takardar neman mita, a buga miki hatimi a kwafinki. Zuwa da kai ya fi aike. Kada ki ba wani ɗan unguwa da ya ce ya san wani a ciki.

Kafin mita ta zo, ga makaminki. Tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga bil ɗin ƙiyasi. Kowane layi yana da adadin yunit ɗin da ba a yarda a wuce ba ga gidan da ba shi da mita, ana kuma wallafa jadawalin a shafin hukumar. Sa babban yaronki ko wani mai waya ya duba na layinku. Idan an wuce, ki kai ƙorafi a rubuce sashen sauraron koke na kamfanin, ki karɓi shaida. Suna da kwana 15 na aiki su amsa. Idan sun yi shiru, ko amsar ba ta gamsar da ke ba, sai ki wuce zauren sauraron koke na NERC, wanda ake kira Forum. Akwai shi a Kano da Kaduna da Sakkwato da sauran manyan birane, kuma ba a biyan kuɗi, ba a buƙatar lauya. Masu karatu da ke jihohi irin su Neja da Filato da Kogi su lura, can jiha ta karɓi ragamar kula da wutarta, hukumar jiha za su nufa.

Ki riƙe wannan da kyau, domin a nan aka fi cutar mutane: yayin da ake duba ƙorafinki, ba dole ba ne ki biya bil ɗin da kike jayayya a kansa. Ki ci gaba da biyan adadin bil na ƙarshe da ba ki yi jayayya da shi ba, ki adana rasit. Kuma haƙƙinki ne a sanar da ke a rubuce kafin a yanke miki wuta. Na goron da kike ba masu tsani kuwa, wallahi ko sisi ba ya shiga asusunki na kamfanin wuta. Na zauna da irinsu, na san inda kuɗin yake kwana. Gara ki kai naira 1,000 ofis a ba ki rasit da ki miƙa 3,000 a gindin falwaya.

Tsohon bashin, ki nemi a buga miki tarihin asusun tun daga farko, a tantance kafin a ɗaura mita, domin in an ɗaura za a riƙa cirar wani kaso duk lokacin da kika sayi kati. Abin da ya tabbata naki ne, ki roƙi biya kaɗan-kaɗan. Suna yarda, don sun fi son kaɗan da babu. Idan wani mai gyaran wuta ya ce zai kewaye miki mita, ki sallame shi. Tarar farko ga mai layi ɗaya naira 100,000 ce tun farkon 2025, ban da gobara.

Kuɗi a hannu kuwa, wanda na sani shi ne na naira 25,000 sau uku da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Oktoban 2023 bayan cire tallafin mai. Daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ake ɗauko sunaye, sai mai lambar NIN, kuma ta unguwa ake shiga, don haka tambayi mai unguwarku. Kada kuma ki ji nauyin zuwa hukumar zakka idan jiharku na da ita, kamar Kano da Sakkwato. Don irinki aka kafa su.

Tambaya: Baba, gidan haya muke, ɗaki bakwai mita ɗaya. Kati ba ya kwana goma, kullum faɗa. Ga shi an ce kowane gida ya kawo karo-karon gyaran taransifoma.
*Ɗan haya*

Amsa: Ɗana, akwai mai hita a cikinku, ko mai firizar ƙanƙara. Hita ko dutsen guga mai wat 1,000 yunit ɗaya yake ci a awa guda, abin da ƙwan LED zai yi awa ɗari bai wuce ba. Ku daina rabawa da ɗaki, ku raba da kaya: a shiga kowane ɗaki a ƙirga abin da ke jone, a rubuta, mai gida ya shaida. In da hali, a sa wa mai firiza ƙaramar mita tasa a cikin gida. Taransifoma da falwaya kuwa kayan kamfani ne, a ƙa'idar NERC ba a kan jama'a sayensu ko gyaransu yake ba. Na san duhu kan sa mutane su gaji su haɗa kuɗi. In har za ku yi, ku fara rubuta wa kamfanin, a yi yarjejeniya a takarda kan yadda za a mayar muku da kuɗinku, mai unguwa ya sa hannu kafin a karɓi ko naira ɗaya.